Cinikin Kwantiragin Gaba da Nazarin Jadawalin Farashi: Yadda Suke Aiki da Hukuncinsu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Tambayoyi sun yawaita a kan wani nau'in kasuwanci da ake yi ta waya ko kwamfuta, inda mutum yake zura ido ga jadawalin farashin man fetur ko zinare ko ma'aunin hannayen jarin Amurka, ya saya yanzu ya sayar bayan minti goma ko bayan kwana biyu. Masu tambaya suna son sanin abu uku: me ake saye a zahiri, shin karanta jadawalin yana kawo riba kamar yadda ake tallatawa, kuma mene ne hukuncinsa. Malamai sun ce yanke hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, don haka ɗan'uwa mai karatu, da ke 'yar'uwa, za mu fara da siffanta cinikin kafin mu zo ga hukunci.

Mene ne kwantiragin gaba?

Kwantiragin gaba, wanda 'yan kasuwar suke kira fyucas, yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu a kan sayen wani kaya a wani wata mai zuwa, bisa farashin da aka yanke yau. Mai saye ba ya biyan kuɗin kayan yau, mai sayarwa kuma ba ya miƙa kayan yau. Kasuwar ce take tsara girman kwantiragin da nau'in kayan da wurin miƙawa, farashi kaɗai aka bar wa mutane su yi ciniki a kansa. Akwai kuma wata cibiya da take shiga tsakani, ta zama mai saye ga kowane mai sayarwa, mai sayarwa ga kowane mai saye. Saboda haka ba za ka taɓa sanin wanda kuka ƙulla da shi ba.

Abin ya daɗe. Hukumar Japan ta amince da kasuwar shinkafa ta Dojima a birnin Osaka a shekarar 1730. A Amurka an kafa kasuwar hatsi ta Chicago a 1848, ta fitar da kwantiragi masu tsari ɗaya a 1865. Asalin manufar ita ce manomi da mai injin niƙa su san farashinsu tun kafin kaka.

Ga girman wasu daga cikin kwantiragin da aka fi sani a yau:

Ɗanyen man Amurka na WTI: ganga 1,000, ana miƙa shi a garin Cushing na jihar Oklahoma.
Zinare a kasuwar COMEX: oza 100, wato ɗan sama da kilo 3.
Masara a Chicago: awon bushel 5,000, kimanin tan 127.
Koko a New York: tan 10. Wannan farashin yana taɓa manoman Ghana da Kodebuwa, waɗanda su ne kan gaba wajen noman koko a duniya, kuma a 2024 ya haura dala 10,000 kan kowane tan.

Mafi yawan waɗannan kwantiragi ba sa kaiwa ga miƙa kaya. Wanda ya saya yakan sayar da irinsa kafin wa'adi ya cika, a lissafa bambancin farashi, a ba shi ko a cire masa.

Shi kuwa ma'aunin hannayen jari, wato indeks, lamba ce kawai da ake lissafawa daga farashin hannayen jarin wasu kamfanoni. S&P 500 yana auna manyan kamfanonin Amurka kusan 500, Nikkei 225 kuma na Japan ne. An fara cinikin kwantiragin gaba a kan irin wannan lamba a 1982 a Amurka. Ƙaramin kwantiragin S&P 500 da ake kira E-mini ya fito a 1997, kuma darajarsa dala 50 ce sau lambar ma'aunin. A 2019 aka fito da ƙaninsa mai dala 5. Kasuwar hannayen jari ta Najeriya ma ta ƙaddamar da nata a 2022. A nan babu kayan da za a miƙa ko da wa'adi ya cika, domin ba a auna lamba a buhu. Bambancin kuɗi kaɗai ake biya.

Kuɗin ajiya da ninkin ciniki

Kafin ka buɗe kwantiragi za ka ajiye wani ɗan kaso na darajarsa a wajen dillali, shi ake kira majin. Wannan kuɗi lamuni ne cewa za ka iya biyan asara, ba ya cikin kuɗin kayan. Kullum idan kasuwa ta tashi ana lissafi, wanda farashi ya juya wa baya a ɗebi kuɗi daga ajiyarsa a zuba wa ɗaya ɓangaren.

Mu ƙaddara ma'aunin S&P 500 yana kan 5,000. Kwantiragin E-mini ɗaya ya zama dala 250,000. Mu ƙaddara an nemi ka ajiye dala 12,500, wato kashi 5 cikin 100. Idan ma'aunin ya motsa da kashi 1 cikin 100 kacal, maki 50 ke nan, ka samu ko ka rasa dala 2,500, ɗaya bisa biyar na ajiyarka. Idan ya sauka da kashi 5 alhali kai saye ka yi, ajiyar ta ƙare ƙaf. Tun kafin a kai nan dillali zai nemi ka ƙaro kuɗi, in ba ka ƙaro ba ya rufe cinikin da kansa. Idan farashi ya yi tsalle ya wuce ajiyar, ragowar bashi ne a wuyanka.

Ka lura da wani abu kuma. Galibin manhajojin waya da ake tallatawa a ƙasashenmu ba sa kai ka waccan kasuwa ta Chicago ko New York. Abin da suke ba ka shi ne yarjejeniyar biyan bambancin farashi, wadda aka sani da CFD, tsakaninka da kamfanin dillalin. Sau da yawa kamfanin shi ne abokin karawarka, asararka ribarsa ce, kuma yana cire wani kuɗi duk daren da cinikinka ya kwana a buɗe.

Mene ne nazarin jadawali?

Masu nazarin kasuwa kashi biyu ne. Na farko suna duba tushen abin: damina, yawan abin da ke rumbu, ribar kamfani, yaƙi, kuɗin ruwa na babban banki. Na biyu suna duba farashin kansa da yawan cinikin da aka yi, suna neman alamar inda zai dosa. Wannan na biyu shi ne nazarin jadawali. Ya ginu a kan zato uku: cewa duk wani labari ya riga ya shiga cikin farashi, cewa farashi yana tafiya a kan wata alƙibla har sai wani abu ya juya shi, da cewa halin mutane na tsoro da kwaɗayi yana maimaita kansa. Ana mayar da asalin wannan tunani a Amurka ga Charles Dow, editan jaridar Wall Street Journal, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin Dow Jones a 1896 kuma ya rasu a 1902.

Ga kayan aikin da za ka fi cin karo da su:

1. Zanen kyandir. Kowane kyandir yana wakiltar wani lokaci, minti ɗaya ko awa ɗaya ko yini guda. Jikinsa yana nuna farashin buɗewa da na rufewa, lagwaninsa na sama da na ƙasa suna nuna mafi tsada da mafi araha da aka taɓa a lokacin. Daga 'yan kasuwar shinkafar Japan aka samo shi, kuma littafin Steve Nison na 1991 ne ya yaɗa shi a ƙasashen Turawa.

2. Daɓe da rufi. Daɓe shi ne farashin da aka ga sauka tana tsayawa a kansa sau da yawa saboda masu saye suna fitowa. Rufi shi ne inda hawa yake cijewa. Idan farashi ya fasa ɗayansu, wasu suna bin sa, wasu kuma suna jiran ya dawo.

3. Matsakaicin farashi mai tafiya. Idan farashin rufewa na kwana biyar ya kasance 100, 102, 101, 105, 107, jimlarsu 515, matsakaicinsu 103. Gobe a jefar da na farko a ƙara sabo. An fi amfani da na kwana 20 da 50 da 200. Idan gajere ya haura dogo sai a ce alamar saye ce, idan ya faɗo ƙasansa alamar sayarwa. Aibinsa shi ne kullum a baya yake tafiya, domin daga abin da ya wuce aka gina shi.

4. RSI. J. Welles Wilder ne ya fito da shi a 1978. Yana kwatanta ƙarfin hawa da na sauka a zango 14 na baya, ya ba da lamba tsakanin 0 da 100. Sama da 70 ana cewa saye ya yi yawa, ƙasa da 30 sayarwa ta yi yawa. Amma farashi yana iya zama sama da 70 na tsawon makonni yana ci gaba da hawa.

5. MACD na Gerald Appel, wanda yake auna tazara tsakanin matsakaici na zango 12 da na 26, da igiyoyin John Bollinger, waɗanda suke kewaye matsakaicin zango 20 suna buɗewa idan kasuwa ta rikice, suna tsukewa idan ta lafa.

6. Igiyoyin Elliott, daga Ralph Nelson Elliott a 1938, waɗanda suke cewa farashi yana tafiya taku biyar gaba, uku baya. Mutum biyu suna iya ƙirga takun jadawali ɗaya su fito da sakamako mabambanta.

7. Umarnin tsayar da asara. Kana gaya wa dillali ya fitar da kai idan farashi ya kai wani mataki. Yana rage ɓarna a ranakun da kasuwa take tafiya a hankali. Idan ta yi tsalle, a farashin da aka samu za a fitar da kai, ko da ya fi wanda ka rubuta muni.

Auna lokacin shiga da fita

Manufar duk waɗannan ita ce mutum ya shiga kafin hawa ya fita kafin sauka. Masu gajeren zango hawa uku ne: mai shiga ya fita cikin daƙiƙoƙi ko mintoci, mai rufe komai kafin yini ya ƙare, da mai riƙewa kwana biyu zuwa 'yan makonni. Dukkansu suna tsare wasu lokuta da farashi yake girgiza: zaman babban bankin Amurka a kan kuɗin ruwa sau 8 a shekara, rahoton ayyukan yi da yakan fito Juma'ar farko ta wata, rahoton man da ke ajiye da yake fitowa ran Laraba, rahoton amfanin gona na wata-wata daga ma'aikatar noman Amurka, da ƙarewar wa'adin kwantiragin ma'auni a Juma'a ta uku ta Maris da Yuni da Satumba da Disamba.

Kasuwar hannayen jari ta New York tana buɗewa ƙarfe 9:30 na safiyarsu ta tashi ƙarfe 4. A agogon Najeriya da Nijar daga 2:30 na rana zuwa 9 na dare ke nan, ko daga 3:30 zuwa 10 a lokacin sanyinsu. La'asar da Magariba da Isha'i duk a ciki suke faɗowa. Kwantiragin gaba kuwa ana cinikinsa kusan awa 23 a yini. Wanda ya buɗe ciniki mai ninki yana jin kiran salla, ka san irin jarrabawar da zuciyarsa take ciki.

Shin ana cin riba da shi?

Masana tattalin arziki sun daɗe suna gwada wannan. Eugene Fama ya yi bayani a 1970 cewa a kasuwar da labari yake yaɗuwa da sauri, da wuya farashin jiya ya ba ka fifiko a kan na gobe. A 1992 wasu masu bincike uku, Brock da Lakonishok da LeBaron, sun gwada ƙa'idojin matsakaicin farashi a kan ma'aunin Dow daga 1897 zuwa 1986, suka ga alamar suna aiki. A 1999 Sullivan da Timmermann da White suka bi diddigi, suka ga ƙa'idojin da suka yi fice a wancan zamani ba su riƙe fifikonsu a shekaru goman da suka biyo baya ba. Dalilin a fili yake: dabarar da kowa ya sani, kowa zai yi rige-rigen amfani da ita har ribarta ta ƙafe.

Sakamakon ɗaiɗaikun mutane ya fi wannan bayyana. A Burazil an bi sawun waɗanda suka fara cinikin yini a kan kwantiragin ma'aunin kasuwarsu tsakanin 2013 da 2015. Daga cikin 1,551 da suka dage sama da kwana 300, kashi 97 cikin 100 asara suka yi, kuma kusan kashi 1 ne kawai suka samu abin da ya wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar. A Indiya hukumar kula da kasuwar hannayen jari, SEBI, ta sanar a 2024 cewa kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu irin wannan ciniki sun yi asara a cikin shekara uku. A Turai hukumar ESMA ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 da 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu cinikin CFD asara suke yi.

Abubuwa huɗu ne suke jawo haka. Na farko, a kwantiragin gaba duk dalar da wani ya ci, wani ne ya rasa ta, sannan a cire ladan dillali daga tsakaninsu. Na biyu, kuɗin shiga da fita. Mu ƙaddara kowane zagaye yana cin dala 4 na dillali da dala 12.50 na tazarar farashin saye da sayarwa. Zagaye 10 a yini dala 165 ne, a kwana 20 dala 3,300, sama da rubu'in waccan ajiya ta 12,500, tun ba a yi maganar kuskure ko ɗaya ba. Na uku, abokan karawarka bankuna ne da kamfanoni masu na'urorin da suke aika umarni cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Na huɗu, lissafin asara ba ya tausayi: wanda ya rasa rabin jarinsa sai ya ninka ragowar kafin ya dawo inda ya fara, kuma garin neman mayar da abin da ya tafi ake ƙarasa sauran.

Akwai kuma ranakun da babu jadawalin da ya hango su. Ran 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow ya faɗi da kashi 22.6 cikin 100 a yini ɗaya. A 1995 bankin Barings na Ingila, mai shekara sama da 200, ya rushe bayan ma'aikacinsa Nick Leeson ya yi asarar fam miliyan 827, mafi yawanta a kwantiragin Nikkei 225, wanda ya zube bayan girgizar ƙasar Kobe. Ran 6 ga Mayu 2010 Dow ya zube da kusan maki 1,000 cikin mintoci sannan ya farfaɗo. Ran 20 ga Afrilu 2020 kwantiragin man WTI ya rufe a kan dala 37.63 ƙasa da sifili, domin rumbunan Cushing sun kusa cika kuma masu riƙe da takarda ba su da inda za su zuba man.

Ka yi hattara da masu sayar da sigina a Telegram da WhatsApp. Mutum yana iya tara lambobi 640, ya ce wa rabi farashi zai hau, rabi zai sauka. Gobe ya riƙe waɗanda maganarsa ta dace a wajensu ya sake raba su biyu. Bayan zagaye 6 saura mutum 10 da suka ga ya dace sau shida a jere, kuma su ne za su biya shi su kuma yi masa shaida.

Hukuncin nazarin jadawali shi kaɗai

Duba farashin baya domin a yi hasashen na gaba zato ne da aka gina a kan sababi na zahiri, kamar yadda ɗan kasuwar hatsi ya san gero yakan yi araha da kaka ya yi tsada da bazara. Wannan ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba, matuƙar mai yin sa ya ɗauke shi zato mai iya dacewa ko kuskurewa. Wanda ya ce ya tabbatar da abin da farashi zai yi gobe ya yi ƙarya, kuma ƙarshen Suratu Luƙman ya kore wa kowane rai sanin abin da zai samu gobe. Akwai masu haɗa nazarin da motsin taurari da kwanan wata, wannan kuwa bokanci ne, haramun ne koyonsa da gaskata shi.

Nazarin jadawali kayan aiki ne, hukuncinsa yana bin cinikin da aka yi da shi.

Hukuncin kwantiragin gaba

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna wannan a zamanta na 7 a Jidda, a watan Zulƙida 1412, daidai da Mayu 1992, a ƙuduri mai lamba 63. Ta halatta cinikin kaya a kasuwannin zamani idan ana miƙa kaya da kuɗi nan take bisa sharuɗɗan ciniki. Ta hana wanda aka jinkirta kaya da kuɗi gaba ɗaya. Ta hana wanda ake iya warware shi da kishiyar kwantiragi ba tare da miƙa komai ba, ta kuma ce shi ne ya fi yawa a kasuwannin. Game da ma'aunin hannayen jari, ta hana saye da sayar da shi, ta ɗauke shi caca tsantsa da cinikin abin da babu shi. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta tafi a kan haka a ma'auninta na shari'a mai lamba 20. Dalilan su ne:

Na ɗaya, jinkirta kaya da kuɗi tare, wanda malaman Malikiyya suke kira fara bashi da bashi. Hadisin da ya zo a kansa yana da rauni, amma Imam Ahmad da Ibnul Munzir sun hakaito ijma'i a kan hana sayar da bashi da bashi.

Na biyu, sayar da abin da mutum bai mallaka ba. Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hana Hakim bin Hizam wannan, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Wanda ya sayar da ganga 1,000 ta waya bai mallaki ko galan ɗaya ba.

Na uku, sayar da abinci kafin a karɓe shi, wanda hani ya tabbata a kansa a Bukhari da Muslim. Wannan ya shafi masara da alkama da waken suya.

Na huɗu, zinare da azurfa. Hadisin Ubada bin Samit a Sahihu Muslim ya shar'anta hannu da hannu a musayarsu, kuma kuɗin takarda yana ɗaukar hukuncinsu. Jinkiri a nan riba ce.

Na biyar, caca. Idan babu mai nufin bayarwa ko karɓa, abin da ya rage shi ne mutum biyu sun sa kuɗi a kan hawa ko saukar wata lamba, ɗaya ya ci ɗaya ya rasa. Allah Ya haramta caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida.

CFD yana ɗauke da waɗannan, ya ƙara da kuɗin kwana, wanda riba ce ƙarara. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta hana cinikin majin a zamanta na 18 a Makka a 1427, wato 2006, saboda wannan riba da kuma haɗa rance da dillanci a yarjejeniya ɗaya. Asusun da ake kira na Musulunci, wanda aka cire wa kuɗin kwana, ya kauce wa matsala ɗaya ne ya bar sauran.

Adalci ne a ambaci cewa akwai saɓani ta wani ɓangare. Kwamitin shari'a na hukumar kasuwar hannayen jari ta Malesiya ya halatta kwantiragin gaba na ɗanyen manja a 1997, kuma Farfesa Muhammad Hashim Kamali ya kare halaccin na kayan masarufi, yana ganin cibiyar da ke tsakani ta kawar da rashin tabbas ɗin miƙa kaya. Jumhurun malaman zamani ba su karɓi wannan ba, domin lamunin cibiyar bai sa an biya kuɗi ko an mallaki kaya ba. Kuma hujjar da aka fi kafawa da ita ita ce buƙatar manomi da mai masana'anta su kare kansu daga juyin farashi, wadda ba ta shafi mai shiga ya fita cikin minti biyar ba.

Akwai kuma najashu, wato ƙara farashi ba da nufin saye ba don a ruɗi wasu, wanda Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hana. Irinsa a wannan kasuwa shi ne jera manyan umarnin saye na ƙarya a soke su kafin su zartu. Dokar Amurka ta haramta shi a 2010, kuma a 2020 bankin JPMorgan ya biya kimanin dala miliyan 920 a kan irin wannan laifi. Jadawalin da kake karantawa yana iya ɗauke da sawun irin wannan yaudara.

Hanyoyin da suka halatta

Idan buƙatarka ita ce yanke farashi tun kafin kaya su samu, shari'a ta buɗe ƙofar salam. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin 'ya'yan itace shekara ɗaya ko biyu kafin su nuna, sai ya shar'anta musu sanin awo da nauyi da wa'adi. Mai saye yana biyan kuɗin duka a majalisin ciniki, Malikiyya sun yi rangwamen jinkiri har kwana 3. Ga kayan da ake ƙerawa akwai istisna'i, wanda ake iya biyan kuɗinsa kashi-kashi.

Idan buƙatarka juya kuɗi ce, kana iya sayen kaya na gaske ka karɓa ka adana ka sayar, ba tare da ɓoye abinci lokacin da mutane suke cikin matsi ba. Kana iya sayen zinare hannu da hannu. Kana iya sayen hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce da kuɗinka, ba da rance mai ruwa ba. Malaman da suka yi sauƙi a kan kamfanoni masu gauraye sun sa iyaka: a ma'aunin AAOIFI bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5, kuma a fitar da wannan kason a yi sadaka da shi. Wasu malaman sun hana masu gaurayen baki ɗaya. A irin wannan ciniki babu laifi ka duba jadawali don zaɓar lokacin saye, tare da sanin cewa yawan shiga da fita yakan cinye riba.

Wanda ya riga ya shiga

Ka tuba zuwa ga Allah, ka rufe abin da ke buɗe, ka janye uwar kuɗinka. Ribar da ka ci bayan ka san hukunci ka fitar da ita ga talakawa ko ayyukan amfanin jama'a da niyyar tsarkake dukiya. Abin da ka ci cikin jahilci, ko bisa fatawar malamin da ka amince da shi, wasu malamai sun ce naka ne, suna kafa hujja da aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Idan kuɗin mutane ka karɓa ka juya ba tare da ka bayyana musu haƙiƙanin cinikin ba, lamuninsu yana kanka, ka gaya musu gaskiya ku daidaita a kan biya. Idan bashi ya hau ka, kada ka koma cinikin da nufin fanshewa. Sayar da sigina a kan waɗannan kwantiragi, da karɓar lada don jawo mutane su buɗe asusu, taimako ne a kan saɓo, kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana shi.

Kafin ka sa kuɗinka a kowace manhaja, ka nemi amsar tambaya huɗu: mene ne ainihin abin da na saya, ya shiga mallakata har ina iya karɓarsa, na biya kuɗinsa duka, kuma akwai rance ko kuɗin kwana a ciki? Idan amsar ta rikice maka, ka kai takardar yarjejeniyar ga malamin da ya san fiƙihun ciniki ya karanta ta kafin ka sa hannu.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya wadatar da mu daga haram.

Allah ne Mafi sani.